A daina kai ɗalibai Yankari don wanka kawai

Duk shekara makarantu na karɓar kuɗi a hannun iyaye, a yi shatar bas, a ce za a kai yara gandun namun daji na Yankari su ƙaro ilimi. Yadda tafiyar ke kasancewa kusan iri ɗaya ne ko daga ina aka taso. A bar makaranta da hantsi bayan an gama jiran waɗanda suka makara, a isa sansanin Wikki rana ta take, a ci abinci ana artabu da birai, a faɗa ruwan ɗumi, a ɗauki hoto, a juyo kafin magariba. Ɗakin adana kayan tarihi da ke nan cikin sansanin, in ma an leƙa shi, bai wuce na minti goma ba, yara sittin a cunkushe, na gaba na shafa ƙashin giwa, na baya bai san me ake kallo ba. Washegari ka tambayi yaro me ya gano, sai ya ce ruwan akwai daɗi, kuma biri ya ƙwace wa wance biredi.

Ra'ayina shi ne wannan asara ce, kuma gyaranta bai kai tsadar da ake zato ba. Ɗakin nan da ake ratsawa a gurguje shi ya kamata ya zama cibiyar ilimin muhalli ta gaske, wurin da ziyara ke farawa kuma take ƙarewa, a yi darasin da Hausa, a kuma fara da 'ya'yan ƙauyukan da ke maƙwabtaka da dajin. Nauyin yana kan ɓangare biyu, makarantun da ke kawo yara da jihar da ta mallaki gandun.

Na ce jiha domin Yankari ta Bauchi ce. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a watan Disamba na 1962, gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun ƙasa a 1991, sannan a 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, ya koma hannun jihar. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Abin da wannan ke nufi ga maganarmu shi ne gwamnatin da ke biyan malaman makaranta ita ce mai gandun. Babu wata takardar neman izini da za a aika Abuja kafin a ce darasin kimiyya na aji kaza a bakin kogin Gaji za a yi shi. Jihohi kaɗan ne ke da wannan dama a hannu.

Mu fara da lokaci, domin a nan yawancin tafiye-tafiyen ke lalacewa tun ba a tashi mota ba. Makarantu sun fi son fita a ƙarshen zango na uku, wajajen Yuli, don a haɗa da bikin rufe shekara. Ga mai son ganin namun daji babu lokacin da ya kai wannan muni. Damina a Yankari daga Mayu take zuwa Satumba, gamba ta fi tsawon mutum, kowane kwari akwai ruwa, saboda haka dabba ba ta da dalilin zuwa kogi, ta bazu cikin daji. Daga ƙarshen Janairu zuwa Afrilu kuwa ciyawa ta kwanta, tafkuna sun ƙafe, ɓauna da gwanki da gwambaza da giwa dole su gangaro fadamar Gaji. Wato zango na biyu shi ne lokacin. Sai dai a Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, don haka Fabrairu ya fi sauƙi ga ƙananan yara, in kuma azumi ya faɗo a tsakiya a matsar da ranar gaba ko baya.

Sai lissafin hanya. Daga garin Bauchi zuwa Wikki kimanin kilomita 110 ne. Ana bin hanyar Gombe zuwa Dindima, a karya kwana zuwa ƙofar gandun a Mainamaji, daga ƙofa kuma akwai sauran kilomita arba'in da 'yan kai a cikin daji, inda ba a gudu. A sa awa biyu zuwa biyu da rabi, har da tsayuwar biyan kuɗi da ƙidayar kawuna a ƙofa. Namun daji da sassafe suke yawo da kuma bayan la'asar, da tsakar rana suna kwance a inuwa. Makarantar da ta bar Bauchi ƙarfe tara ta riga ta rasa fitar safe, in kuma za ta juya ƙarfe huɗu ta rasa ta yamma. Wadda ta taso daga Kano ko Jos ko Gombe da niyyar zuwa da dawowa rana guda, gaskiya kuɗin mai kawai ta ƙona. Ko dai a kwana ɗaya, a samu fitar yamma da ta safe, ko a yi sallar asuba a kama hanya in daga Bauchi ne. Kuma a tuntuɓi hukumar gandun tun da makonni, a faɗi yawan yara da ajinsu, a tabbatar da motar shiga daji da ɗan jagora. Motar da ka tarar wasu baƙi sun riga ka, ba ta da amfani gare ka.

Yanzu ɗakin kansa. Abin da ke ciki ba ƙarami ba ne: fatu, ƙahoni, haƙoran giwa, ƙasusuwa, dabbobin da aka cusa wa kaya a fata suka tsaya kamar masu rai, da kuma bindigogi da tarkunan da aka ƙwace a hannun masu farautar sata. Matsalar ita ce yadda ake shigarsa. Ɗaki irin wannan ba ya ɗaukar aji guda a lokaci ɗaya. A raba yara goma-goma ko sha biyu-sha biyu, kowane rukuni da malami ɗaya, a ba kowanne minti ashirin zuwa talatin, sauran suna waje suna wani aikin a ƙarƙashin bishiya. Kuma a shiga kafin a fita daji. Yaron da ya ga ƙahon gwanki mai lanƙwasa baya kamar lauje, ya gan shi kusa da na kanki mai karyewa biyu, in ya hango dabba daga nisan mita ɗari zai iya cewa wannan ce. Wanda bai gani ba, komai barewa ne a wurinsa.

Kowane yaro ya shiga da tambaya uku a rubuce, ba fiye ba. Takarda mai tambaya ashirin kwafe-kwafe take haifarwa. A ce ya duba haƙorin mai cin nama da na mai cin ciyawa ya zana bambancin. A ce ya duba inda ramin ido yake a ƙoƙon kan zaki da na gada, ya faɗi dalilin da ɗaya ke kallon gaba ɗaya ke kallon gefe. A ce ya tsaya a gaban tarkon waya ya yi tunanin me zai faru in ɗan giwa ne ya taka maimakon gadar da aka ɗana wa. Tambaya ta ukun ita ce ke buɗe baki, domin tarko ba ya zaɓe, kuma yaran karkara sun san haka tun kafin malami ya faɗa.

A nan maganar harshe ta shigo, kuma a ganina ita ce babba. Allon bayani da aka rubuta da Turanci da sunan Latin a ƙasa, yaron firamare na Alkaleri ko Darazo ba ya ɗaukar komai daga cikinsa sai haddar da za ta bi ruwa. Alhali Hausa na da sunayen nan tsaf: gwanki, kanki, gwambaza, mazo, gada, gadu, ɓauna, dorina, bika, kirka, jan biri, burtu, cilakowa, carki. Sunayen ne ke mutuwa a bakin yaran birni. Akwai ɗalibin sakandare da zai kawo maka sunan dabbar Ostireliya mai aljihu a ciki, amma bai taɓa jin kalmar gwambaza ba. Allon kowace dabba ya ɗauki sunan Hausa da manyan baƙaƙe, sai na Fulatanci, sai Turanci, sai na kimiyya ga 'yan babbar sakandare. Haka bishiyoyin cikin sansanin da na bakin hanya: ƙawo, madobiya, taura, marke, tsamiya, giginya. Ƙaramin allon ƙarfe da fenti ne kawai. In an ɗaura shi da waya, a bar sako-sako, don wayar da aka ɗaure tam bishiya na haɗiye ta cikin shekara biyu ko uku, ta ji mata rauni. Madobiya kaɗai darasi ce guda, domin ita ce katakon da aka yi ta sarewa ana lodawa zuwa Sin har aka sa ta cikin jerin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu. Yaro ya san cewa icen da ya ga tirela na ɗauka a garinsu shi ne wannan da ke tsaye a gabansa.

Akwai kuma bangon da nake ganin ya kamata a keɓe wa waɗanda babu su. Raƙumin dawa ya taɓa zama a Yankari, haka kyarkeci, yau babu ko ɗaya. Raƙuman dawan da ake gani a gandun Sumu, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, daga Namibiya aka kawo su a 2006. Zakin Yankari ya ragu ƙwarai, irinsa na Afirka ta Yamma na cikin waɗanda ke gab da ƙarewa. Giwayen da suka rage an fi ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, kuma duk da haka suna cikin garke mafi girma da Najeriya ta mallaka. A haɗa wannan da cewa giwa wata 22 take ɗauke da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, ta yi shekaru kafin ta sake, sai a bar yara su lissafa da kansu shekara nawa garke zai ɗauka kafin ya mai da giwa goma da aka kashe. Wannan ya fi wa'azin sa'a guda kan muhimmancin kare muhalli.

Ruwan Wikki ma, ban ce a hana yara shiga ba. Cewa na yi a sa shi aiki kafin a shiga. Zafinsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma yana fitar da kimanin lita miliyan 21 kowace rana zuwa kogin Gaji. A kawo ma'aunin zafi mai araha guda biyu, a auna ruwan da la'asar, a sake aunawa da asuba lokacin da sanyin hunturu ke sa haƙora karo, a auna iska a lokutan biyu. Iska ta canja da digiri goma sha wani abu, ruwa bai motsa ba. Daga nan tambayar ke fitowa da kanta, sai a yi bayanin ruwan sama da ke nitsewa cikin dutsen yashi zuwa can ƙasa inda ake da ɗumi, ya daɗe yana tafiya, ya ɓullo a gindin dutse. A ba su lissafi: lita miliyan 21 jarka nawa ce mai lita 25? Dubu 840. A daƙiƙa ɗaya lita nawa? Kusan 243. Yaron da ke tura kurar ruwa kafin ya tafi makaranta ya fi kowa gane girman wannan adadi, kuma shi zai fara tambayar me zai faru da idon ruwan in an sare dajin da ke samansa.

Wurin wankan yana da ƙa'idarsa da ba a wasa da ita. Wajen da ruwan ke ɓullowa zurfinsa ya kusa mita biyu, ruwan kuma garai-garai yake har ana ganin yashin ƙasa, wannan ke ruɗin yaro ya zaci bai kai ƙirji ba. A shiga rukuni-rukuni, a ƙirga kafin shiga da bayan fita, babba ɗaya ya tsaya a tudu ba ya komai sai kallo, wanda bai iya iyo ba ya tsaya a ɓangaren da bai da zurfi. 'Yan mata a ware musu lokacinsu da malamai mata, in ba haka ba za su ƙare a zaune suna gadin takalma. Ban da sabulu.

Aikin sawu shi ne wanda yara ba sa mantawa, kuma kayansa ba su da yawa: tef ɗin tela, igiya, kwali, da farar hodar nan ta fi'ofi da ake yin silin da ita. In ɗan jagora ya ba da izinin sauka, ko a inda dabbobi suka ratsa kusa da sansani, a nemi sawu a laka mai ɗan tauri. A kewaye shi da zoben kwali, a kwaɓa awo biyu na hoda da awo ɗaya na ruwa, a zuba hodar cikin ruwan, ba ruwan cikin hodar ba, har ya yi kaurin kunu, a tsiyaya daga gefe don kada ya rushe sawun, a jira rabin awa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗagawa da wuri, ko zubawa a busasshen yashi, sai ya fito dunƙule babu siffa. Abin da aka samu a kai ɗakin a kwatanta da kofaton da ke can, a tafi da shi makaranta. Sawun giwa kuma awo ake masa: na gaba kewayayye ne, na baya ya ɗan yi tsawo. A zagaya na gaban da igiya, a ninka tsawon sau biyu, ya ba ka kusan tsayin giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Igiya ta ba da santimita 130, giwar ta kai wajen mita 2.6. Ko ba a ga giwa ba ranar, kuma sau da yawa ba a ganinta, an dawo da tsayinta a littafi. Wannan ma ya kamata a gaya wa yara tun a makaranta, cewa daji ba gidan zu ba ne, babu mai yi musu alkawarin zaki.

Ƙananan abubuwa biyu ke ɓata rana. Na farko bika, wato gwaggon biri. Na Wikki sun saba da mutane, sun san leda, sun san kwano mai murfi, suna shiga mota ta taga. Abinci ya zauna cikin bas a rufe, a ci a wuri ɗaya da manya a gefe, kada a miƙa wa biri komai, wanda aka fizge wa leda ya sake ta. Cizon bika ba abin wasa ba ne, kuma asibiti na da nisa. Na biyu ƙudan tsando a fadamar Gaji, wanda makiyaya suka san yana sa wa shanu cutar sammore. Shuɗi da baƙi ke jawo shi, kuma rabin makarantunmu shuɗin yunifom suke sawa. A ce yara su zo da kaya mai ruwan ƙasa ko mai haske, mai dogon hannu da ɗan kauri. A tanadi lita uku ta ruwan sha ga kowane yaro a yini, da gishirin haɗin ruwan gudawa, da hula.

Yankari ba ta namun daji kaɗai ba ce, malamin tarihi ma yana da rabo: kogunan Marshall 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, rijiyoyin Dukkey fiye da 130 masu haɗe da juna ta ƙasa, da kufan murhunan narka tama a Shau Shau. Sai dai kada a ce za a zagaye su duka a kwana ɗaya. A zaɓi ɗaya.

To su wa za a fara kaiwa? A yanzu wanda ubansa ke iya biyan kuɗin bas shi ke zuwa, wato 'yan makarantun kuɗi na birane. Yaron Mainamaji ko Duguri ko Gwana, wanda ke jin kukan kura daga ɗakinsu, sau da yawa bai taɓa taka Wikki ba. Abin da ya sani game da gandun shi ne giwa ta shiga gonarsu ta cinye dawar shekara a dare ɗaya, ko an kama yayansa da shanu a ciki. Nan da shekara goma sha biyar shi ne zai zama ko mai gadin daji, ko mai ɗana tarko, ko mai unguwar da za a kawo wa ƙara. Ɗan birni zai girma ya tuna ruwan ɗumi, wannan kuwa makomar giwar a hannunsa take. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS, wadda ta ƙulla yarjejeniya da jihar a 2014 kan tsaron gandun, ta yi aiki da waɗannan ƙauyuka, har da ɗaukar mutanen gari su riƙa sa ido kan giwa suna gargaɗin manoma. Amma ilimin yaran jiha ba aikin da za a sakar wa ƙungiyar waje ba ne, wadda kuɗinta ke zuwa da wa'adi.

Kuma darasin da za a yi wa waɗannan yara sai an yi hattara. In aka tsayar da yaro a gaban bindigar toka aka ce masu wannan miyagu ne, alhali irinta na rataye a ɗakin kakansa, an rasa shi. A yarda da asararsa tukuna. Giwa na cin abin da ya haura kilo ɗari a rana, gonar talaka ba ta kai mata ko'ina ba, wannan gaskiya ce. Daga nan a yi maganar abin da ke rage ɓarna, kamar gadin gona na haɗin gwiwa, sanar da masu gadin daji da wuri, da nisantar shuka a kan hanyar da garke ya saba bi. Tsohon maharbin da ya ajiye baka ya fi mai digiri iya wannan darasi, ya san sawu, ya san kukan tsuntsu, kuma yara za su kira shi Baba su saurara.

Za a ce kuɗi. Gandun na buƙatar kuɗin shiga, kuma kujerar da aka ba yaro kyauta baƙo mai biya aka hana. Amsar tana cikin kalanda: baƙi masu biya a ƙarshen mako suke cika wurin, da hutun Kirsimeti da na salla. Talata da Laraba na zango na biyu motocin na nan a ajiye. Abin da ake nema daga jiha shi ne malami biyu na dindindin a ɗakin, waɗanda aikinsu koyarwa ne ba karɓar tikiti ba, da rumfa mai inuwar mutum arba'in, da tabaran hangen nesa guda goma, da alluna masu Hausa, da man bas ɗaya da zai riƙa ɗauko 'yan aji shida na firamaren gundumomin Duguri da Pali da Gwana bi da bi. Aji ɗaya a rana, kwana biyu a mako, mako goma a zango, ya ba da aji ashirin a shekara, a rubuta shi cikin kasafin ma'aikatar ilimi da sunansa, don kada ya dogara da wanda ke kan kujera.